Marigayi Saidu Keita: Kafintan Da Ya Yi Suna A Duniya Da Kyamara Mai Lalataccen Ƙyaure

Abin da ya sa muka ɗauko tarihin da za mu kawo yau, wata 'yar gardama ce da muka tarar ana yi a rumfar wani mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa. Ƙanen mai rumfar, wani matashi da ke ɗaukar hoton biki da suna, ya zo neman yayansa ya ranta masa kuɗi, domin yana so ya sayar da kyamarar da ke hannunsa ya cika, a sayo masa sabuwa daga Kano. Hujjarsa ita ce wani abokin sana'arsa ya sake kyamara, kuma tun daga lokacin mata suka koma wajensa. Shi kuwa yayan ya kafe a kan cewa kuɗin da ke hannunsa jari ne, ga Salla ta matso, ga dila biyu na jiransa a Mubi. Da maganar ta yi tsawo sai aka miƙo mana hotunan mu duba. Mun ga amarya an tsayar da ita cikin tsakar rana, ta runtse ido, inuwar ɗaurin ɗankwali ta raba mata fuska biyu, a bayanta kuma ga bokitin wanki da ƙafar babur. Ba mu ce komai ba a wurin, don ba ma so mu shiga tsakanin wa da ƙane, amma dai a cikin waɗannan matsaloli ba mu ga ko guda da sabuwar kyamara za ta gyara ba.

Wannan magana ba ta masu hoton biki kaɗai ba ce. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na Gashiga da Mubi da Kusiri da Mbaibum, da hoto suke ciniki. Mutum zai ɗauki hoton shadda ko leshi ko takalmi ya tura ta WhatsApp, mai saye yana Yola ko Injamena ya zaɓa ya turo kuɗi. Idan kayan ba su yi kyau a hoton ba, abu na farko da ke zuwa zuciyar mutum shi ne wayarsa ta tsufa, sai ya zari jaka ɗari biyu ko uku daga jari ya sake wata. Don haka muka ga ya dace mu kawo tarihin wani mutum da ya yi wannan lissafi tun kafin a haifi yawancinmu, wato marigayi Saidu Keita na Bamako, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Seydou Keïta. Bamako da nisa daga Garwa, amma garuruwan sun yi kama: dukkansu na bakin kogi ne, dukkansu sun zauna ƙarƙashin Faransa, kuma ruwan Binuwai da ke wucewa ta gabanmu da na Kwara da ke ratsa Bamako a Lokoja suke haɗuwa.

An haifi Saidu a Bamako wajejen shekarar 1921, lokacin ana kiran ƙasar Mali da sunan Sudan ta Faransa. Shi ne babba a cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinsa kafinta ne, don haka bai shiga makarantar boko ba, tun yana ɗan shekara bakwai aka ɗora shi a kan zarto da guduma. Mai karatu ya riƙe wannan, domin kafinta mutum ne da aka horar da idonsa ya gane karkata da daidaito, ya auna kafin ya yanka, saboda katakon da aka yanke ba ya komawa. A ganinmu wannan horo na shago shi ya bi Saidu har cikin sana'ar hoto.

A shekarar 1935 wani baffansa mai suna Tiemoko ya dawo daga Senegal da wata 'yar kyamara samfurin Kodak Brownie, ya ba shi. Ita wannan Brownie akwati ce kawai mai ɗan gilashi a gaba, an yi ta ne don yara da masu koyo, babu abin da ake murɗawa ko daidaitawa a jikinta sai dai a auna a danna, kuma fim ɗinta hoto takwas yake ɗauka. Da ita Saidu ya fara, yana ɗaukar 'yan gidansu da abokan aikinsa na shagon kafinta. Hotunan farko ba su yi kyau ba, shi da kansa bai ɓoye wannan ba da ya tsufa. Wasu sun fito dishi-dishi saboda mutum ya motsa, wasu sun yi duhu, kuma da ya fara ɗaukar mutanen gari don kuɗi ya sha rigima da waɗanda suka ga hotonsu suka ce ba su yarda ba. Duk fim ɗin da ya lalace kuwa daga kuɗin kafintarsa ya fita.

A nan ne ya yi abin da matashinmu na Garwa bai yi ba tukuna, wato ya nemi waɗanda suka fi shi sani. Akwai wani Bafaranshe mai suna Pierre Garnier da ke da kantin kayan hoto a Bamako, a wajensa Saidu ke sayen fim da takarda, yana kai wankin hotuna, yana kuma tsintar abin da ya tsinta na sana'ar. Sai kuma wani malamin makaranta ɗan ƙasa, Muntaga Dambele, wanda ya riga shi shiga harkar, shi ne ya buɗe masa ɗakinsa na wanke hoto ya nuna masa yadda ake haɗa ruwan magani da yadda ake fitar da hoto a takarda. Shekara goma sha uku ke tsakanin ranar da aka ba shi Brownie da ranar da ya buɗe shagon kansa, kuma a mafi yawan waɗannan shekaru bai saki kafinta ba. Da ita yake ci, da ita yake sayen fim ɗin da yake koyo da shi.

A 1948 ya buɗe shagonsa a filin gidansu da ke unguwar Bamako-Kura, bayan babban gidan yari. Duk ɗan kasuwa zai gane darajar wurin: ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasa da ke zuwa daga Dakar, ga kasuwa, ga gidan silima, wato hanyar jama'a ce dare da rana. Har yaransa yakan tura tasha da samfurin hotuna su nuna wa matafiya, ta haka aikinsa ya bi jirgi ya shiga garuruwan da shi bai taɓa takawa ba.

To, kada a ce Saidu bai taɓa sake kyamara ba. Ya sake, kuma dalilin da ya sa ya sake shi ne abin dubawa. Da ya kafa shago sai ya koma aiki da babbar kyamara irin ta da, mai tsayawa a kan ƙafa uku, wadda mai ɗauka ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle yana leƙen mutum a jikin gilashi, kai a ƙasa ƙafa a sama. Fim ɗinta ba naɗi ba ne, falle-falle ne, kowane falle santimita 13 da 18, kusan faɗin tafin hannun babban mutum da yatsunsa. Amfanin wannan girma shi ne, idan an wanke fim ɗin an sami nagatif, wato uwar hoton da ake fitar da sauran daga jikinta, sai kawai a kifa ta a kan takardar hoto a haska, hoton ya fito daidai girmanta. Ba ya bukatar injin ƙara girman hoto, wanda ke da tsada a lokacin, kuma da yake ba a ja hoton ba, komai yakan fito tar, har zaren aikin wuyan riga ana iya ƙirgawa. Ashe ke nan ba don ya ga wani ya saya ya saya ba. Ya san abin da ƙaramar kyamara ta kasa yi masa, ya kuma san kuɗin da babbar za ta rage masa.

Abin mamakin shi ne, ita wannan kyamara da ta yi masa suna ba lafiyayya ba ce. A cikin kowace kyamara akwai wani ɗan ƙyaure da ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido idan an danna, shi ke auna yawan hasken da zai shiga ya taɓa fim. Na Saidu ya lalace. Maimakon ya ajiye aiki har sai ya sami wata, sai ya mayar da murfin gilashin ya zama ƙyaurensa: ya gyara mutum, ya ce kada ya motsa, ya zare murfin da hannu, ya auna lokacin a ransa, ya mayar. Idan ya yi gaggawa hoton ya yi duhu, idan ya yi jinkiri ya ƙone. Babu wata na'ura da ke gaya masa, sai sabo da hasken tsakar gidansu a kowace sa'a da kowane yanayi na shekara.

Ga kuma tsadar fim, wanda daga Turai ake kawo shi. Saboda haka Saidu ya ɗora wa kansa ƙa'ida, mutum ɗaya falle ɗaya. Ba ya ɗauka sau biyu don ya zaɓa. Mu da muke zamanin da yaro zai danna sau ɗari biyu a wajen kamu ɗaya ya koma gida yana neman guda biyar masu kyau, da wuya mu gane nauyin wannan. Wanda ke da harbi ɗaya dole ya gama dukkan aikin kafin ya taɓa kyamara, kuma a nan gwanintar mutumin take.

Bari mu ɗan tsaya a kan yadda yake wannan aiki, domin shi ne abin da mai rumfa zai iya ɗauka ya yi amfani da shi gobe da safe ba tare da ya kashe ko dala ba. Da farko haske. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, ko da yake yana da fitilu don masu zuwa da dare, shi dai ya fi son na rana. Amma duk wanda ya dubi hotunan zai ga ba a tsakiyar ƙwallelliyar rana ake tsayar da mutane ba, haske ne mai laushi da ke sauka a fuska ba tare da ya tona ramin inuwa a ƙarƙashin ido ba, shi ya sa baƙar fata ke fitowa da sheƙinta, farin yadi kuma bai ƙone ba. Mu nan Garwa da rana ke wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, irin wannan haske yana nan kyauta a bakin rumfa da hantsi, ko a inuwar darbejiya, ko bayan la'asar, ko kuma a kwanakin hunturu da hazo ke tace rana.

Na biyu, abin da ke bayan mutum. Labulensa na farko ba wani abu ba ne illa zanen gadonsa mai geza, shi ya rataya a bango yana ɗaukar mutane a gabansa. Daga baya ya riƙa sayen yadi mai zane yana sauyawa bayan 'yan shekaru, har ya zama da labulen yake gane shekarar da ya ɗauki hoto. Masu sayar da atamfa za su fi kowa jin daɗin wannan ɓangare, domin Saidu ba ya tsoron haɗa zane da zane. Mace za ta zo da atamfa mai manyan furanni, ya zaunar da ita a gaban labule mai ƙananan ganye, a ƙasa kuma ya shimfiɗa bargo mai dara-dara, maimakon su yi faɗa sai su zauna lafiya, fuskar matar ta fito a tsakiyarsu kamar wata a cikin taurari. Kuma duk wannan a hoto mai baƙi da fari, babu launi ko ɗaya. Mun sha ganin ɗan kasuwa ya jefa turmin atamfa mai tsada a kan buhun siminti ya ɗauka, sa'an nan ya zargi waya.

Na uku, yadda ake tsayar da mutum. Saidu yakan ɗauki lokaci yana gyara kafaɗa, yana karkata haɓa, yana shimfiɗa hannun mace a kan gwiwa yadda zobba da lalle za su fito, yana baza bakin riga don a ga yawan yadin. Yakan ɗan juya mutum gefe maimakon ya fuskanci kyamara ƙiƙam kamar hoton katin shaida, kuma yana alfahari da cewa wannan karkatawa tasa ce. Akwai hotunansa na mata a kishingiɗe a kan gado, sun tallafi kai da hannu, waɗanda har yau ake kwaikwayo. Ya fahimci cewa wanda ya biya kuɗin hoto so yake a gan shi yadda yake fatan zama, don haka ya tanadi kayan aro a shagon: kwat irin ta Turawa har kala uku da laktaye da hula, agogo, alƙalami, tabarau, rediyo, tarho, furen roba, keke, da babur samfurin Vespa. Saurayin da ya zo daga ƙauye da riga ɗaya zai fita da hoton da zai aika gida a ga ya zama ɗan birni. Da ciniki ya buɗe har mota ya saya, Peugeot 203, ita ma ta shiga aikin. A wani sanannen hotonsa na wasu mata da suka jingina da motar, idan aka lura da kyau ana hango inuwar Saidu da kyamararsa a jikin ƙarfen motar mai sheƙi.

A nan ga wani lissafi da ya kamata matashinmu ya duba. Kuɗin da Saidu ya samu, bai zuba su a sabuwar kyamara duk shekara ba, ya zuba su a abin da mai saye ke gani da idonsa, wato labule da kwat da rediyo da babur. Ba mu ji an ce wani ya taɓa zuwa Bamako-Kura ya tambayi sunan kyamarar kafin ya zauna ba. A ranakun hutu da na Salla layi ake yi a ƙofar gidan, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati da matan aure da sojoji, har da manyan gari. Idan ya gama da jama'a ya ga falle ya rage, sai ya ɗauki kansa ko iyalinsa, shi ya sa muke da hotunansa da yawa yana matashi. A bayan kowane hoto yakan buga hatiminsa mai ɗauke da sunansa.

Kada kuma mu yi wa ƙanen mai rumfa rashin adalci. Akwai aikin da kyamarar Saidu ba za ta taɓa yi ba. Da za a kawo shi ƙofar fadar Lamiɗon Garwa ranar hawan Salla, dawaki na sukuwa ana harba bindiga, da murfin gilashi a hannunsa ba abin da zai kama sai ƙura. Shi ya san haka, shi ya sa ya tsaya a kan mutumin da ke zaune shiru a tsakar gida, ya ƙware a nan. Wani ɗan ƙasarsu da ya biyo bayansa, Malik Sidibe, wanda ya rasu a 2016, da yake shi wuraren rawar matasa yake bi da dare, sai ya riƙi ƙaramar kyamara mai fitila, ya yi nasa sunan ta wannan hanya. Kowannensu aikin da ya zaɓa ne ya nuna masa kayan da zai saya. Saboda haka idan mai hoton biki ya ce kyamararsa ba ta gani a zauren da babu wuta sosai, ko ba ta kama doki a guje, ya faɗi ciwo takamaimai, kuma maganinsa na iya zama sabuwar gangar jiki, ko da yake sau da yawa gilashi mai kyau ko fitila sun fi arha kuma sun fi warkarwa. Kamfanoni irin su Canon da Nikon da Sony ba sa gajiya da fito da sabuwar gangar jiki, alhali gilashi mai kyau yakan yi shekaru ana ɗaura shi a kan wannan da waccan. Shi kuwa mai tura hoton kaya ta WhatsApp, ya sani cewa manhajar kan matse hoton ta rage masa nauyi kafin ya isa, don haka yawancin abin da ya biya a sabuwar waya a hanya yake zubewa, amma haske mai kyau da shimfiɗa mai tsabta suna isa yadda suke.

Mu koma ga tarihi. Mali ta sami 'yancin kai ranar 22 ga Satumba 1960, Modibo Keita ya zama shugaban ƙasa. A 1962 sabuwar gwamnati ta ɗauki Saidu aikin ɗaukar hoto a hukumar tsaron ƙasa, a 1963 kuma ya rufe shagon. Ya yi shekara goma sha biyar a aikin gwamnati, ya ga juyin mulkin da Musa Tarawore ya yi a 1968, ya yi ritaya a 1977. Hotunan da ya ɗauka a waɗannan shekaru suna hannun hukuma, duk sunan da ya yi a duniya a kan aikin shekara goma sha biyar ɗin shago ne. Bayan ritaya ya koma gida yana gyaran injuna da babura, abin da yake sha'awa tun da can.

A lokacin kuma sana'ar da ya sani ta fara mutuwa, kuma gaskiya ita ce gwaninta ba ta cece ta ba. Hoto mai launi ya shigo, injunan wanki suka bazu a birane, kowa ya iya danna kyamara ya kai a wanke masa cikin sa'a guda. Saidu bai taɓa son hoto mai launi ba, amma kasuwa ba ta tambaye shi ba. Mu ma nan Kamaru mun ga irin haka. Karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta ninka kuɗin fim da takarda da ruwan magani, tunda duk daga waje suke zuwa. Sa'an nan a 1998 aka fito da sabon katin shaida wanda hukuma ke ɗaukar hotonsa da kanta, alhali hoton kati shi ne abincin yau da kullum na masu shagon hoto a ƙananan garuruwa. Shaguna da yawa daga nan suka rufe. Wannan darasi ne mai ɗaci, kuma bai goyi bayan yayan ko ƙanen ba: wani lokaci ba kyamararka ce ta tsufa ba, ba kuma hannunka ne ya gaza ba, kasuwar ce ta tashi daga inda kake zaune.

Abin da ya rage wa Saidu shi ne wata ɗabi'a da ba ta cin kuɗi. Tun daga farko ba ya zubar da nagatif. Yana adana su ne don kada mai hoto ya dawo neman ƙari a ce babu, ya jera su a akwatin ƙarfe, dubbai, yana fito da su lokaci-lokaci yana share ƙura. Sunayen mutanen ne kawai bai rubuta ba, shi ya sa har yau yawancin hotunan ba a san ko su wane ne a ciki ba.

A 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka a birnin Nuyok na Amurka, wanda wata masaniya mai suna Susan Vogel ta shirya. A ciki aka rataya wasu hotuna daga Bamako, aka rubuta a ƙasansu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya gan su suka burge shi, ya tura wakilinsa André Magnin ya nemo mai su. Magnin ya sauka Bamako a 1992 da kwafen hotunan a hannu, aka kai shi wajen Malik Sidibe, wanda kallo ɗaya ya yi musu ya gane aikin Saidu ne. Babu hatimi a jikin kwafen, babu suna, hannun mutumin kawai ya gani. Aka raka baƙon Bamako-Kura, ya tarar da dattijo ɗan shekara saba'in da akwatinsa. Wata Bafaranshiya mai ɗaukar hoto, Françoise Huguier, ita ma ta taka rawa wajen fito da aikinsa, tana kuma cikin waɗanda suka kafa taron masu hoton Afirka da aka fara a Bamako a 1994.

Daga nan abu ya yi ta gaba. A 1994 aka baje hotunansa shi kaɗai a gidauniyar Cartier da ke Faris, a 1996 a Washinton, a 1997 kuma a wani babban kantin fasaha na Nuyok mai suna Gagosian, a shekarar ce kuma aka buga littafin hotunansa. Hoton da ya fitar daidai tafin hannu don a saka a aljihu ko a aika ƙauye, sai ga shi an ja shi ya fi mita ɗaya, ana sayar da guda a kan dubban dalolin Amurka. Abin lura shi ne da aka ja su haka ba su fashe ba, sai ma abubuwan da ba a gani da suka fito, ɗigon gumi, zanen lalle, saƙar bargo. Babban fallen nan da ya zaɓa don gudun kuɗin inji, shi ya ba da wannan dama bayan shekara arba'in. Wannan farkawa ta taɓa mu nan ma, domin a 2005 an baje hotunan wasu 'yan Kamaru biyu a Landan, Joseph Chila wanda ya yi aiki a Mayo Darle kusa da iyakar Nijeriya, da Samuel Finlak, kuma an kwafe dubban nagatif na Jacques Toussele na garin Mbuda don adanawa. Muna da yaƙinin cewa a Garwa da Marwa da Ngaundare akwai irin waɗannan akwatuna a ƙarƙashin gado, idan gara da damina ba su riga mu ba.

Sai dai ƙarshen labarin bai zo da daɗi ba, kuma 'yan kasuwa za su gane irin ciwon. Nagatif 921 aka ɗauka daga akwatin aka tafi da su Faris don a riƙa fitar da manyan hotuna. Da kuɗi suka yi yawa sai saɓani ya shiga tsakanin Saidu da waɗanda suka fara tallata shi, a kan wa ke da ikon fitar da hoto da kuma inda nagatif ɗin za su zauna. A 2001 ya koma hulɗa da wani dillali dabam, Jean-Marc Patras, aka kuma kafa ƙungiya da sunansa a Bamako don kula da aikinsa. Ba mu da hurumin yanke hukunci a kan wanda ke da gaskiya, amma duk wanda ya taɓa ba da kaya a kan amana ya haye iyaka da su ba tare da takarda mai ƙarfi ba, ya san yadda irin wannan ke ƙarewa. Maganar ta kai gaban kotu, kuma ta ci gaba shekaru bayan mai kayan ya bar duniya.

Saidu Keita ya rasu a Faris ranar 21 ga Nuwamba 2001, yana da kimanin shekara tamanin. Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa. A 2016 gwamnatin Faransa ta buɗe masa babban zauren baje koli na Grand Palais da ke Faris, aka rataya hotunansa kusan 300. A gefen manyan da aka ja, an jera wasu ƙanana na asali da aka tattaro, waɗanda ya fitar da hannunsa a Bamako-Kura, wasu sun yi ja saboda tsufa, wasu mai yin firam ya shafa wa ɗankunne da farce launi kamar yadda masu su suka nema a lokacin.